Lallen da Ya Ƙi Kama Zinari

Sallama gare ku. Kafin in fara, ina roƙon duk wadda ta gane ni ta yi kamar ba ta gane ba. Sunana Bahijja, ban canja shi ba. Shekarata ashirin da bakwai, a Soron Ɗinki aka haife ni, kuma har yau a nan nake, a ɗakin da tagarsa ke kallon tsohuwar rijiyar da aka rufe da murfin ƙarfe tun ina firamare. A satin da zan ba ku labarinsa, saura kwana goma sha tara in kare kundin digirina na biyu gaban malamai, abin da muke kira difens, saura kwana talatin da uku a ɗaura min aure. Kuma abin da na rubuta a babi na huɗu na kundin nan ba gaskiya ba ne. Lokacin da na rubuta ban sani ba. Daga baya na sani.

Mahaifina Malam Mailafiya maƙerin fari ne a Kasuwar Kurmi. Zobe, awarwaro, 'yan kunne, sannan yana wankin zinari da batir da 'yan wayoyinsa. Mutum ne da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma in ya faɗi magana ta zauna. Yayata Ikram tana aji biyu a jami'a aka yi mata aure, da alƙawarin za ta ci gaba daga ɗakinta. Yau 'ya'yanta huɗu, littattafanta suna cikin kwali a saman sif. Wannan abu ya ci wa Baba rai sosai, har ranar sunan ɗanta na biyu ya dafa Alƙur'ani gaban 'yan uwansa ya ce babu 'yarsa da za ta sake barin gidan nan da karatu a rataye. Ni na gama na farko lafiya. Da na ce ina son na biyu ya ce to, amma in sani rantsuwar ta hau kan wannan karatun ma.

Ina wata na uku da farawa Abdulhakeem ya fito. Ɗan Ƙofar Ɗan Agundi ne, yana da shagon ɗinki da injinan aikin wuya, ma'aikatansa shida. Kar ku yi zaton wani ne ya haɗa mu, ni na gan shi na ce ina so, kuma har gobe ina so. An gaya masa sharaɗin Baba, ya yi dariya ya ce wata goma sha takwas ai kamar gobe ne. Sai yajin aikin malamai ya ci wata takwas, aka ɗaga rana. Aka dawo, injin da nake aiki da shi ya ƙone, aka yi wata biyar ana jiran gyara, aka sake ɗagawa. A karo na biyun nan Hajiya, mahaifiyar Abdulhakeem, ta aiko ƙanwarta har ɗakin Umma, ta zauna ta sha ruwa ta yi fara'a, sannan ta ce Hajiya tana gaisuwa, ta ce a yi wa Allah wannan ya zama na ƙarshe, don ɗanta ya kai talatin da biyar kuma dangi sun fara cewa wasa ake da hankalinsu. Umma ta kwana biyu ba ta cin abinci sosai.

Yanzu bari in gaya muku aikin, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane halin da na shiga ba. Ba lacca zan yi muku ba, ku yi haƙuri da ni kaɗan.

A cikin ganyen lalle akwai wani sinadari, shi ne yake ba da jan nan a tafin hannu. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ko da madubin asibiti ba a ganinsu. Aikina shi ne in gano yadda suke zama a kan ƙarfe idan aka sa masa wuta. Mannewa suke yi, ko taɓawa kawai suke su wuce? In sun manne, a kwance suke ko a tsaye? Masu son kare ƙarfe daga tsatsa da masu haɗa na'urorin gwaji masu arha duk suna son wannan amsa.

Kayan aikin ba su da yawa. 'Yar kwalba kamar kofin shayi, ruwan gishiri na musamman, da sanduna uku da ake tsomawa ciki. Babbarsu a daraja kamar biro take, a bakinta an dasa zinari ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dawa. Elektirod muke ce mata. Inji zai riƙa ƙara ƙarfin wuta a hankali, ya kai wani wuri ya juyo yana ragewa. In wutar ta zo daidai inda sinadarin yake so, sai ya karɓi elektiron daga zinarin, in ta juyo ya mayar masa. Duk sanda aka yi wannan karɓa da mayarwa, layin da yake tafiya a kan kwamfuta sai ya yi tudu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Gane mannewa kuma ba wuya. Ki tsoma zinarin a ruwan lalle, ki cire, ki ɗauraye shi tas, ki sa a ruwan da babu lalle ko ɗigo. In tudun ya ɓace, ba su manne ba. In yana nan, sun manne.

Takardun da na karanta duk sun nuna a kan zinari tsurarsa abin ba ya riƙewa sosai. Nawa ya riƙe. Na ɗauraye sau biyar, tudu biyun suna nan suna kallon juna, kyawawa kamar an zana da hannu. Da na lissafa girmansu, sai ya nuna ƙwayoyin a tsaye suke, a cunkushe, ba a kwance ba. Malamar da ke duba aikina, Dokta Zaituna, ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta ce in sake. Na sake na sake har wata huɗu, duk Talata da Alhamis, bai taɓa ƙi ba. Ta kai shi taron masana a Abuja, ta aika takarda wata mujalla da sunanta da nawa. Ni kuma na ɗaure kundi na miƙa.

Me ya sa Talata da Alhamis? Don elektirod ɗin zinari ɗaya tal muke da shi a lab ɗinmu, wato ɗakin gwaji. Litinin da Laraba na wani ɗan ajinmu ne, Haruna, wanda yake aiki da wani sinadari mai farar wuta a cikinsa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙa'ida ita ce kafin kowane gwaji a goge zinarin da wata farar hoda mai laushi har ya zama kamar madubi. Hodar ta ƙare tun kafin mu zo. Sai muka riƙa murza shi a kan tsohon ƙyallen gugar da ruwa, mu ɗauraye da sifirit, mu ce ya yi. Kowa haka yake yi, ni ma haka na tarar.

Haruna ya gama ya tafi koyarwa Jigawa. Sati uku kafin wannan satin sabuwar hoda ta iso, Dokta ta ce in samo mata hoto ɗaya mai tsafta don mujallar. Na goge zinarin yadda littafi ya ce, har ina ganin idona a cikinsa. Na tsoma, na ɗauraye, na kunna inji. Layi ya miƙe ɗoɗar kamar titi. Babu tudu.

Na ce ruwan lallen ne ya kwana, na haɗa sabo. Na ce waya ce ta saki, na canja. Cikin kwana shida na yi sau goma sha ɗaya, ko alama. A rana ta bakwai ina tsaye gaban famfon lab ina wanke kwalba, warin nan na ƙwai ya bugo ni daga firij, sai abin ya faɗo min a rai. Farar wuta in ta kama zinari ruwa ba ya cire ta, sifirit ma ba ya cirewa. Kuma ɗaya bakin ƙwayar sinadarin Haruna kamar ƙugiya yake, irin wanda zai cafke na lalle ya riƙe. Na buɗe firij na ga kwalbarsa mai ruwan ƙasa, da rubutun hannunsa a jiki. Na tsoma zinarin a ciki na tafi sallar azahar. Da na dawo na ɗauraye, na sa a ruwan lalle, na sake ɗaurayewa, na kunna. Tudu biyun nan suka taso kamar ba su taɓa tafiya ba.

A ƙasan lab ɗin na zauna, a kan siminti, da farar rigar aikina. Wata huɗu ashe ba a kan zinari lallena yake zama ba, a kan ragowar aikin Haruna yake. Abin da na gano ba banza ba ne, na san wannan. Amma wani aiki ne daban, da wani take daban, kuma sai an faro shi daga tushe. Ko da wuta ba ta ɗauke ba, inji bai lalace ba, wata shida ne.

Sati biyu na yi ina yawo da wannan a cikina ban gaya wa kowa ba. In Dokta ta tambayi hoton sai in ce wuta ce ba ta zama. Kun ga ƙarya ta fara ke nan, tun ban yanke shawarar yin ta ba.

Ranar Asabar gidanmu ya cika da hayaƙin turaren wuta. Umma da Gwaggo 'Yardada, yayar Baba, sun baje tabarma a tsakar gida suna haɗa na ɗakina, ga kwalaben humra a jere a inuwa, ga atamfar anko kore da ruwan goro an tara a kan kujera ana ware na dangin Umma da na dangin Baba. Akwatunan lefe guda shida suna ɗakin Umma an lulluɓe da zanen gado, kullum sai an sami mai zuwa gani. Gwaggo ita ce take ba ni ganyen lalle daga bishiyar bayan ɗakinta tun da na fara aikin, don haka take ganin da ita aka yi binciken. Tana ganina ta fara tsokana, wai ga Daktar lalle ta fito, wai ranar ƙunshi ita da kanta za ta zauna a kan ƙafata, ba za ta bar 'yan zanen zamani su ɓata mata 'ya da baƙin rini ba. Ta kama hannuna ta juya ta ce na rame, ta tambayi Umma ko ana ba ni kunun da ta aiko. Umma ta ce zumuɗi ne, duk amare haka suke.

Ina durƙushe ina tace musu ruwan sandal wayata ta yi ƙara a cikin zanina. Saƙon Dokta ne.

“Bahijja, albishirinki. Farfesan da zai zo jarraba ki ya karanta kundin, ya kira ni da kansa. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya samu wannan a kan zinari tsura ba. Yana so ki yi gwajin a gabansa da safe kafin a shiga difens. Ki tanadi komai. Ina alfahari da ke.”

A ƙasa ta sa hoton tafi guda uku. Na karanta sau biyu, na rubuta “Goro, Dokta. Na gode,” na tura. Umma ta tambaya ko lafiya, na ce saƙon makaranta ne. Gwaggo ta ce Allah ya sa albarka, ta miƙo min kasko in ƙaro garwashi.

Da la'asar na kai wa Baba furarsa soro. A can yake ƙarasa ƙananan ayyuka in ya dawo daga kasuwa. Na same shi da tabarau a ƙarshen hanci yana dirzar wani zoben azurfa da toka da tsamiya kafin ya sa masa ruwan zinari. Na ajiye kwanon na zauna a bakin tabarma, abin da ban saba ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ci gaba da dirza. Can ya fara ba ni labarin wani abokin sana'arsa da aka dawo wa da sarƙa jiya, duk ruwan ya ɓare. Ya ce gaggawa ce, in akwai maiƙo a jikin ƙarfe ko na ɗan yatsa ne, ruwan zai hau ya yi kyau a ido, amma datti ya kama ba ƙarfe ba. Ya ce ai ni na fi shi sanin wannan, tunda a makaranta na koya. Wallahi sai da na dafa ƙasa.

Na tattara ƙarfina na ce, “Baba, in da za a ce an ɗaga difens ɗin fa?”

Ya ajiye zoben. “An ce za a ɗaga ne?”

“A'a. Tambaya dai nake.”

“In an ɗaga, an ɗaga biki.” Ya faɗa a hankali, kamar yana gaya min farashin gawayi. Ya ce Umma ta taɓa kawo masa maganar ya yi kaffara ya warware rantsuwar, malamai ma sun ce ya halatta, amma shi ba don tsoron kaffara yake riƙe da ita ba. Ya ce duk ranar da ya je gidan Ikram ya ga kwalin nan a saman sif, sai ya ji shi ya ɗora shi da hannunsa. Sannan ya yi murmushi ya ce duk layinsu a Kurmi an san 'yarsa ta gano abin da Turawa ba su gano ba, har wani mai sayar da sirdi yana tambaya ko za a sa ni a rediyo.

Na tashi na fito. Ban faɗa ba.

Lahadi bayan la'asar Abdulhakeem ya kira ya ce yana bakin lungu, ya ajiye mota a titi don ba ta shiga. Na sa doguwar riga baƙa da mayafi ruwan toka, ban ko shafa hoda ba. Umma ta bi ni da kallo ta ce ko turare ba zan fesa ba, na koma na fesa don a zauna lafiya. Baba ya tafi ta'aziyya, soron babu kowa. Na shimfiɗa masa darduma, ni na zauna a kan 'yar kujera. Yana sanye da shadda ruwan sararin sama da aikin shagonsa a wuya, ya zo da katin gayyata guda ɗari na ɓangarenmu a cikin leda, yana ta murna wai a wannan karon an rubuta sunana daidai. Ya fara ba ni labarin labulen da aka sa a gidan da za mu zauna, ya ga ba na amsawa, ya tambaye ni ko lafiya.

Na gaya masa komai. Tun daga hodar da ta ƙare har saƙon Dokta. Ban yi kuka ba sai da na zo wajen Baba da zobensa. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya yi tambayoyi irin na mai hankali: ko laifina ne, na ce rabi nawa ne, don na san ƙa'ida na bi abin da na tarar. Ko za a kore ni in na faɗa, na ce ba na zato, amma za a janye kundin, a janye takardar mujalla, Dokta ta ji kunya gaban mutanen da ta yi wa bayani a Abuja. Ko wata nawa gyaran zai ci, na ce shida in an yi sa'a. Ya maimaita kalmar a hankali, shida, yana kallon ledar katin.

Ana ta wucewa da babura a lungu, wata maƙwabciya tana daka. Sannan ya ɗago.

“Ita kwalbar ta Haruna, tana nan?”

Na dube shi. Ya kawar da kai.

“Tana nan,” na ce.

“Kin ce in kin tsoma a ciki abin yana dawowa.”

“Yana dawowa.”

Ya ce in saurare shi kafin in yi fushi. Rana ɗaya ce, awa ɗaya ma. In wuce difens, a ɗaura aure, shi da kansa zai riƙa kai ni lab kullum yana ɗauko ni har in gyara aikin in rubuta na gaskiyar, in ce daga baya na gano. Na ce masa ai yanzu na gano, ba daga baya ba. Na ce in takardar ta fito, wata ɗaliba a wani wuri za ta goge zinarinta tas ta yi shekara tana neman abin da babu, tana zaton ita ce ba ta iya ba. Ya tambaye ni ko wani zai mutu. Na ce babu wanda zai mutu. Ya ce to. Shi ke nan abin da ya ce, to, amma na ji nauyinsa.

Na san za ku ce mutumin banza ne. Ba haka ba ne. Kusan shekara uku yana zuwa soron nan, bai taɓa ce min in bar karatu ba. Ranar da inji ya ƙone shi ya yi ta yawo da ni wajen masu gyaran lantarki a Sabon Gari. Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula, idonsa ya yi ja.

“Ba zan ce ki yi ƙarya ba, Bahijja. Amma Hajiya ta riga ta gaya wa kawunnaina, in aka sake ɗagawa su zo su kwashe akwatuna. Sau biyu na durƙusa mata. Ban san da wane baki zan yi na uku ba.”

Ya bar katunan a kan darduma. Bayan magariba saƙonsa ya shigo: “Duk abin da kika zaɓa ina sonki. Ki dai tuna ba ke kaɗai ba ce a ciki.” Na rubuta amsa na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura masa “Na gani.”

Litinin tun bakwai na fita, ko karin kumallo ban yi ba. A cikin adaidaita, muna fita ta Ƙofar Ɗan Agundi, na ciro waya na rubuta wa Dokta kafin zuciyata ta canja: “Ina kwana Dokta. Ina son ganinki yau, akwai maganar da ba za ta jira ba.” Na tura na kife wayar a cinya. Kafin mu kai makaranta ta amsa, ta ce in same ta ofis ƙarfe sha ɗaya.

Da a ce daga nan ofis na wuce, da yau ina ba ku labarin nan da sauƙin zuciya. Amma awa uku ne a gabana, kuma mukullin lab yana jakata. Na shiga, babu kowa. Na ce bari in sake gwadawa sau ɗaya, ko Allah zai sa. Na goge zinarin, na tsoma, na ɗauraye, na kunna. Layi ya miƙe. Na zauna ina kallonsa har kwamfutar ta yi duhu don kanta.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. Na tashi na buɗe firij. Na ɗauko kwalbar Haruna, na tsiyayi kaɗan a 'yar ƙaramar kwalba mai murfi, wadda ba ta fi ɗan yatsa ba. Na naɗe ta da leda sau biyu saboda wari, na sa a aljihun jakata na ciki, inda nake ajiye katin makaranta. Ina yi ina gaya wa kaina ai don in nuna wa Dokta ne, ta ga hujja da idonta. Amma in don hujja ne, me ya hana in ɗauki babbar kwalbar a hannu kowa yana gani? Na san amsar, ku ma kun sani.

Sha ɗaya saura biyar na hau bene. Duk matakalar da na taka ina shirya jimlar farko, Dokta, akwai kuskure a aikina, Dokta, ki yafe ni. A bakin ofis na ji tana dariya da wani, na ce baƙo ne, zan jira. Sai na ga takalma a ajiye a gefen ƙofa, don akwai mutanen da ba sa shiga ɗakin da aka shimfiɗa kafet da takalmi ko an ce su shiga. Baƙaƙen sau-ciki ne, an sake musu dunduniya. Ni na kai su wajen mai gyara watan jiya.

Kafin in juya ƙofar ta buɗe. Dokta ce, fuskarta cike da fara'a. A bayanta Baba yana zaune a kujerar baƙi, da farar babbar rigarsa ta Juma'a da hular da ba ya sawa sai da dalili, katin bikina a kan tebur gabansa. Ya ce ya so mu taho tare, aka ce na fita da sassafe. Ya ce bai dace malamar da ta yi min wannan ɗawainiya ta karɓi kati daga hannun kowa ba sai nasa.

Dokta ta jawo min kujera kusa da shi, ta mayar da ƙofa ta rufe. Na zauna, na rungume jakata a ƙirji, ina jin kamar warin yana fitowa ta cikin leda biyun.

“Yanzu nake gaya wa Baba irin 'yar da Allah ya ba shi,” ta ce, ta koma mazauninta ta haɗa hannuwa a kan tebur. “To Bahijja, ga ni ga mahaifinki, babu baƙo. Wace magana ce ba za ta jira ba?”

Baba ya juyo gaba ɗaya yana kallona, yana murmushi, yana jira.